Bishiyoyin da Auta Ta Ƙirga

Kai ma ka gan su, kada ka ce ba ka gani ba. Ka ga mutum uku suna kafa turaka masu jan fenti a gefen lambun tsohon nan na bakin rafi. Ka rage gudun babur, ka leƙa, ka ce a ranka aikin hukuma ne, ka ƙara mai. Ke ma da ba kya fashin mangwaronsa duk shekara, labari ya same ki a wurin aiki, kika ce "Allah ya kyauta," kika ci gaba da danna waya.

To, ga abin da ya faru a bayan wannan "Allah ya kyauta" taku.

Auta ce ƙaramar 'ya'yan mai lambun, malamar lissafi a firamare. Wata takwas ke nan tana son mutumin da mahaifinta ya ce ko ruwan sha ba zai miƙa masa ba. Ma'aikacin awon ƙasa ne a ƙaramar hukuma. Ita tana ce masa Safiyo. Baba kuwa Mai Ƙafa Uku yake kiransa, saboda na'urar awon da ya gan shi da ita ranar da ya fatattake shi daga lambu.

"Mutumin da ke cin abinci da auna ƙasar mutane," in ji Baba, "wata rana taka zai auna."

Shekara talatin da huɗu Baba yana wannan lambu, ba shi da takarda ko ɗaya a kansa. Kuma bai taɓa yarda a ƙirga masa bishiyoyi ba. In an tambaye shi guda nawa ne, sai ya ce, "Ba a ƙirga 'ya'ya a gaban baƙo." Auta ta ɗauka camfi ne irin na tsofaffi, har dariya take yi.

Safiyo ne ya kawo shawarar. Ya ce in aka fitar wa Baba takardar mallaka da sunansa, aka miƙa masa ita a hannu, zuciyarsa za ta yi sanyi. Abin da ake buƙata kawai shi ne iyaka da yawan bishiyoyi. Asabar uku a jere, duk lokacin da Baba ya kai kaya kasuwa, Auta na bin lambu da allin makaranta tana ja wa kowace bishiya layi. In ta gama sai ta bi da jiƙaƙƙen tsumma ta goge. Ta rubuta jimillar a takardar da ta yago daga littafin darasi, ta ba shi tana murmushi kamar mai ba da kyautar zobe.

Ranar Litinin da safe tana haɗa littattafan 'yan aji, sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu.

"Yaya, ajiye kofin nan kada ya suɓuce maka."

"Lafiya da sassafe?"

"Ina fa lafiya! Ke 'yar boko, zo nan. Zo ki karanta wa ubanki aikinki."

Takardu biyu ne a hannunta, kwafi. Ɗan Kwangila ne ya ba ta, ƙanin kansilan yankin, wanda Gwaggo ta shafe shekara tana yi wa kamfen neman auren Auta a gidan nan, ita kuwa tana toshe kunne.

Ta farko taswira ce. Auta ta gane lanƙwasar rafin, ta gane rijiyar. An shafe lambun gaba ɗaya da koren fensir, an rubuta a tsakiya: Wurin Shaƙatawar Jama'a. A ƙasa akwai sa hannun da ta fi sanin kowane sa hannu a duniya.

Ta biyun kuwa ba ta buƙatar karantawa. Mangwaro sittin da ɗaya. Lemo talatin da takwas. Gwaiba ashirin da bakwai. Dalbejiya goma sha bakwai. Jimilla ɗari da arba'in da uku.

Baba bai yi nisa a karatu ba, amma ya san lamba, ya kuma san yadda 'yarsa ke ɗaura wa bakwai ɗamara. Ya ɗora yatsa a kan bakwai ɗin, ya daɗe bai ɗaga ba.

"Dokarsu ta ce," ya faɗa a hankali, "duk filin bakin rafi marar takarda, in manyan bishiyoyinsa sun kai ɗari, hukuma na iya ɗauka ta yi wurin shan iska. Shekara ashirin ke nan da wani tsohon akawu ya raɗa mini. Masu awo uku na kora. Ashe mai ƙirgar tana cin abinci a kwanona."

"Baba, wallahi takarda ya ce zai fitar maka..."

"Ga ta kuwa ta fito," in ji Gwaggo. "Ni dai na faɗa tun farko, ba a kai kura gadin awaki. Amma Allah bai rufe ƙofa ba, Yaya. Yaron nan shi aka ba aikin katangar da ƙofar shiga. Ya ce in Auta ta daina wannan taurin kan ta saurare shi, kai za a bar wa kula da wurin. Har da riga da maɓalli."

"Gadi," in ji Baba. "A lambuna."

"To da babu fa? Kowa ya ƙi sharar masallaci..."

Baba ya miƙe ya shige ɗaki ya bar ta da sauran karin maganarta a baki. Bai zagi Auta ba, bai ko dube ta ba. Da ma marinta ya yi.

Ba ta je makaranta ba ranar. Ofishin tsara ƙasa ta nufa.

Dogon ɗaki ne, fankarsa ba ta juyi, taswirori a nannaɗe jingine da bango kamar tabarmi. Safiyo yana sunkuye a kan teburin zane. Abokin aikinsa ya ɗago yana washe baki, "A'a, yau manyan baƙi..." Da ya ga idonta sai ya tuna yana da aiki a waje.

Ta shimfiɗa takardun biyu a kan zanen da yake yi.

"Rubutun wa ye wannan?"

"Auta, zauna tukuna."

"Na ce rubutun wa ye?"

"Naki ne."

"Wannan sa hannun fa?"

Ya ajiye fensir. Koren ne ma a hannunsa.

"Ki saurare ni, don girman Allah. Kala uku gare mu a ofishin nan. Ja, shaguna da gidan mai. Rawaya, filayen gidaje. Kore, wurin shaƙatawa. Shugaban ƙaramar hukuma ja ya so a shafa wa lambun Baba. Da an yi haka, mota mai ture gini ce za ta shiga, kafin sati biyu babu ko kututture. Ni na tsaya a gaban oga na ce doka ta ce kore. Lissafinki ne ya ba ni hujja. Auta, ni na ceci bishiyoyin nan."

"Ka ceci bishiya, ka sare mai ita."

"Ba haka ba ne."

"Yaya ne? Za a zagaye shi da katanga, a sa tikiti a ƙofa. Tsohon da ya ɗebo ruwa da kafaɗarsa ya raine su zai tsaya a layi ya biya kafin ya zauna a inuwarsu. Wannan ce takardar da ka yi mini alkawari?"

"Na so in faɗa miki."

"Me ya riƙe bakinka? Ranar Juma'ar nan da ta wuce kana zaune a benci a ƙofar makarantarmu kana tambayata kalar labulen da nake so a ɗakinmu. Labule, Safiyo! Ka riga ka sa hannu a lokacin?"

Ya kau da kai gefe.

"Ka riga ka sa?"

"Na sa."

Hawayen da ta riƙe tun daga gida suka ƙwace. Ba ta share ba. Ta dafa teburin da hannu biyu.

"Tambaya ɗaya ta rage mini. In ka taɓa sona ko na yini ɗaya, kada ka yi mini ƙarya. Wannan dokar ta bishiya ɗari, tun yaushe ka san ta?"

"Auta..."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in san ki." Ya sunkuyar da kai. "Ranar da Baba ya kore ni, ƙirgar aka turo ni in yi. Na gudu na bar igiyar awona, kika biyo ni da ita har bakin hanya. Ranar na fara ganinki."

Ta tuna ranar. Ta tuna yadda ta ba shi haƙuri a madadin mahaifinta, tana jin kunyar tsohon da ke korar ma'aikaci da sanda. Sau nawa ta ba ƙawayenta labarin nan tana dariya, tana cewa igiya ce ta ɗaure su?

"Ashe ni ce igiyar awon," ta ce.

"Wallahi tallahi son da nake miki ba aikin ofis ba ne. Da farko, e, na ga hanya ce. Ba zan ɓoye ba. Amma kafin wata guda na manta da wata ƙirga. Wata shida ina yi wa oga hanya-hanya. Sai da ya ce ko in kawo lamba ko a shafa ja a wuce wurin. Me kike so in yi?"

"Ka faɗa mini gaskiya in zaɓa da kaina! Ni yarinya ce? Yara arba'in nake koya wa lissafi kullum, da ka ce mini ɗari ne iyaka, ka ga na kasa ganewa? Ka bar ni ina bin lambun ubana da alli kamar ɓarauniya, ina gogewa da tsumma, ina murna wai gidanmu nake ginawa."

Shi ma idonsa ya kawo ruwa. Ya jawo aljihun tebur da sauri ya fito da wani ɗan littafi mai kore-koren bango, ya buɗe yana neman shafi.

"Akwai mafita. Duba nan, sashe na tara. In mutum hamsin mazauna yankin suka sa hannu cewa mutum ɗaya ne ya dasa bishiyoyin da hannunsa, ya kuma raine su fiye da shekara talatin, dole majalisa ta dakatar, ta zauna a bainar jama'a, ta ba shi takardarsa."

Ta karɓi littafin ta karanta da kanta, sau biyu. Ta daina yarda da abin da ba ta gani da idonta ba.

"Wannan ma ka san shi tun tuni."

"Na sani."

"Zuwa yaushe ne?"

"Kwana goma sha huɗu daga ranar da aka liƙa sanarwa."

"Yaushe aka liƙa? A ina?"

"Kwana goma sha ɗaya ke nan. Allon yana bayan ofis, kusa da ɗakin janareta." Ya kasa haɗa ido da ita. "Alhamis da ƙarfe goma sha biyu ake rufewa."

Haka ake yi mana, jama'a. Ba wanda ya zo da bindiga. Takarda ce guda a bayan ɗakin janareta, inda ko akuya ba ta tsayawa saboda hayaƙi, sannan a ce an sanar da kowa bisa doka.

Auta ta zari farar takarda daga kan teburinsa, ta ɗauki rularsa, ta ja layuka. Ta jera lamba daga ɗaya zuwa hamsin, gaba da baya. Ta rubuta maganar shaidar a sama da manyan baƙaƙe. Sannan ta juya takardar ta fuskance shi, ta ajiye biro a kai.

"Kai mazaunin yankin nan ne. Ka ga bishiyoyin, ka sha inuwarsu, ka fi kowa sanin shekarunsu. Layi na ɗaya naka ne. Ka sa hannu, ni kuma zan durƙusa a gaban Baba har sai ya yafe mana mu biyu. Ban ce na yafe ba. Na ce zan durƙusa."

Ya ɗauki biron. Ta ga ya cire murfin. Zuciyarta, wawuya, har ta soma tashi tsaye.

Daga ofishin ciki aka ƙwala masa kira. Muryar oga ce.

Ya dubi ƙofar, ya dubi takardar.

"Auta, in sunana ya fito a nan, ni da aikin nan shi ke nan. Mahaifiyata da ƙannena ni suke kallo. Ba ƙi na yi ba. Ki ba ni lokaci in yi tunani. Ki ba ni zuwa Juma'a."

"Juma'a."

"Zuwa Juma'a kawai."

Shi da bakinsa ya ce mata Alhamis, ko minti biyar ba a yi ba. Ta dube shi sosai, irin kallon da ake yi wa gida ranar tashi. Ta zare biron daga yatsunsa, ta mayar da murfin, ta naɗe takardarta.

"Je ka, ana kiranka."

Daga ofis lambu ta nufa, tun daga kan gada ta soma jin sautin. Kaf. Kaf. Kaf. Ta cire takalmi ta ruga.

Gwaiba ɗaya tana kwance a ƙasa, 'ya'yanta ɗanyu sun warwatsu cikin ciyawa. Baba ya tuɓe riga, gumi na bin bayansa, ya riga ya kai rabin ta biyu.

"Baba! Baba, me kake yi?"

"Sun ce ɗari. Zan ba su casa'in da tara, su zo su sake ƙirgawa." Ya sake kai sara. "Mangwaro da lemo kaɗai casa'in da tara ne cif. Gwaiba da dalbejiya su tafi. Na gode, Malama, lissafinki ne ya nuna mini waɗanda zan kashe."

Malama. Tun da aka haife ta bai taɓa kiranta da wani suna ba sai Auta.

Ta faɗa tsakaninsa da bishiyar, ta rungume gindin da ya sara, ruwan itacen yana manne mata a hannu.

"To fara da ni."

"Matsa."

"Ba zan matsa ba. Na yi laifi, Baba. Na raina maganarka, na ɗauka na fi ka sani don na zauna a aji. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma su ba su yi maka komai ba."

Ta zaro takardar ta bayyana masa sashe na tara, tana kuka tana haɗa kalmomi da ƙyar. Ya saurara, gatari a kafaɗa.

"Shi Mai Ƙafa Ukun ya sa hannu?"

Ta girgiza kai.

Ta zaci zai ce ai na faɗa miki. Bai ce ba. Ya sauke gatarin ya zauna a kan gwaibar da ya kayar, ya yi ta shafa ɓawonta da tafin hannu.

"Ki faɗa wa Gwaggonki ta mayar wa yaron can da maɓallinsa. Ban haife ki don in yi musaya da riga ba. Shi kuma wancan, kada in sake jin ko tarinsa a gidana." Ya numfasa. "Mutum hamsin kika ce? Shekara talatin da huɗu ban taɓa hana ɗan kowa tsintar abin da ya faɗo ba. Mu gani. Na ba ki zuwa Alhamis da hantsi. In ba su cika ba, arba'in da ukun da suka rage zan gama da su da hannuna kafin wani ya sa musu katanga."

Yau Laraba, la'asar ta yi. Auta ta bi layi huɗu ƙofa ƙofa, tafin ƙafarta ya yi ƙuna. Tela ya ce shi kansila ne ke kawo masa ɗinki. Mai kantin magani ya ce ta dawo in ya yi shawara. Wata mata da aka yi wa ɗanta magani da ganyen gwaibar lambun ta ce maigida ba ya nan, alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Shugaban makarantarsu ya ja ta gefe ya tuna mata cewa ita ma ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce.

Goma sha tara ta samu. Yawancinsu tsofaffi ne masu dangwala yatsa.

Tana tsaye a bakin wani layi wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Safiyo.

"An sa ni in kwafe sunan duk wanda ya sa hannu a kai wa shugaba. Don Allah ki janye. Ina sonki."

Ta karanta har ƙarshe, ta koma farko tana neman inda ya ce ya ƙi. Babu. Ta kashe wayar, ta jefa a jaka, ta shiga layin.

Layinku ne. Wannan ƙwanƙwasar da kake ji, ƙofarka ce. E, za a kwafe sunanka, za a kai shi teburin shugaba, ba zan yi maka ƙarya ba, an yi wa yarinyar nan ƙaryar da ta isa. Saura mutum talatin da ɗaya, kuma gobe da hantsi tsoho zai ɗauki gatari. Kada ka turo a ce ba ka nan. Tashi ka buɗe, karɓi biron, rubuta cikakken sunanka a layi na ashirin yadda kowa zai iya karantawa, sannan ka sa takalmi ka raka ta ƙofa ta gaba.